Sabulun Malam Inuwa Kemis

A shekarar da sabulu ya yi wuya a Zariya, har sai mutum ya bi layi tun hantsi a ƙofar kanti kafin a miƙo masa sanda ɗaya, a shekarar ne Malam Inuwa na unguwarmu ya tashi zai ceci Arewa.

Shekara goma sha tara ya yi yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a Samaru. Aikin nasa wanke kwalabe ne da shara da kulle ƙofa. Da aka rage ma'aikata aka sallame shi, sai ya dawo cikin birni da abu biyu: wata farar riga irin ta likitoci, wadda har yau ba a tabbatar ko ba shi aka yi ba, da laƙabin Kemis, wanda shi ya raɗa wa kansa. Tun daga nan, in muna zaune a majalisarmu ta ƙofar shagon Lawal tela, ko kunu aka ce ya yi tsami sai Malam Inuwa ya gyaɗa kai ya ce, "Riyakshin ke nan."

Ran wata Lahadi Ɗahiru mai wanki ya iso majalisa yana huci. Ya ce tun safe yana layi a Tudun Wada, saura mutum uku a zo kansa aka ce sabulu ya ƙare, ga kayan mutane jibge a gida.

Malam Inuwa ya yi wata 'yar dariya ta tausayi. "Wai a kan sabulu kake wannan kuka? Mene ne sabulu? Mai ne da soda. Ni da Turawan da muka yi aiki tare, abin da muke haɗawa kafin a tashi shan shayi ya fi sabulu wuya sau goma."

Lawal bai ɗago daga kan kekensa ba ya ce, "Tare kuka yi aikin, ko su suna gaba kai kana baya da tsintsiya?"

"Kai dai ɗinke aljihu ka sani. Ku ba ni kwana uku. Daga ranar Alhamis babu ɗan unguwar nan da zai sake bin layi. Har sunan kamfani na zaɓa: Inuwa Kemis an Sons."

"'Ya'yanka ai duk mata ne."

"Kamfani ba ya tambayar wannan."

Alhaji Jibril, mai motocin haya biyu, wanda aka yi wa haihuwa ranar Asabar da ta wuce, yana zaune a gefe yana sauraro. Ya ce, "To Malam, in da gaske abin ya yi kyau, ni zan riƙa ɗauka ina kaiwa Funtuwa da Gusau."

Nan take Malam Inuwa ya ƙara tsawo. Lawal ya ce in dai koyo yake so, ga Gwaggo Hajo nan bayan gidansa, shekara talatin tana dafa sabulun salo, ya je ya durƙusa ta nuna masa.

"Ni? In koyi kemistiri wurin mai tace toka? Baƙin abu a dunƙule kamar daddawa? Lawal, zamani ya wuce ku, kai da Gwaggon."

Ran Litinin ya sa farar rigarsa ya hau bas zuwa kasuwar Sabon Gari. Ya sayi man ja galan biyu, ya nemi rumfar wata Bayarabiya mai sayar da soda. Tana auna masa tana dubansa.

"Baba, ka taɓa yi? Wannan abu yana da faɗa. Kada ka zuba shi a cikin tukunyar…"

"Na sani."

"Kuma sai ka auna, in mai ya kai…"

"Mama, na ce na sani."

"To in ka gama, ka bar shi ya kwana kamar sati…"

Ya nuna mata rigarsa da yatsa. "Shekara goma sha tara." Ta ɗaure masa leda ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da hantsin Talata ya kafa murhu a tsakar gida. Ya ɗauko babbar tukunyar alminiyam ta matarsa Hajara, wadda uwarta ta bar mata, wadda duk bikin da za a yi a layinmu ita ake arowa.

Hajara ta fito daga ɗaki da tsintsiya. "Malam, tukunyar nan na yi wa matar Alhaji Jibril alkawarinta, ran Asabar suna."

"Kafin azahar na gama. Har wanke miki ita sabulun zai yi kyauta."

Ya zuba ruwa, ya antaya soda da gwangwani ba awo. Da farko shiru. Can sai tukunya ta fara wani tsuwwa kamar an taka maciji. Ruwa ya yi toka-toka, ya koma baƙi, ya hau tafasa alhali ko wuta ba a hura ba. Wani hayaƙi mai shaƙe wuya ya tashi. Kaji suka haye katanga. Hajara ta toshe hanci da gyale.

"Malam, lafiya tukunya ke tafasa ba wuta?"

"Riyakshin ne," in ji shi, yana tari yana ja da baya. "Haka ake so."

Ya bar ta ta yi ta riyakshin har azahar. Da ya zo ya kama hannuwanta zai sauke, sai ya ji ta yi masa sauƙi. Ya ɗaga sama. Ta gindinta ya hango Hajara, ita ma ta hango shi. Baƙin ruwan kuwa ya bi ta kan takalmansa na fata, ya nufi rariya.

Hajara ba ta yi ihu ba. Ta karɓi tukunyar, ta leƙa ta sama, ta leƙa ta ƙasa, ta ce, "Lallai ta wanku."

"Ƙarfen ne ba mai kyau ba. Na jima ina zarginsa."

"Shekara arba'in tana dafa tuwon mutum ɗari. Yau kwana ɗaya ta yi a hannun mai ilimi."

Ran Laraba ya koma babbar robar wanki. Wannan karon ya narka man ja, ya haɗa da ruwan soda, ya ɗauki muciyar tuwo ya hau juyawa. Ya juya har gumi ya jiƙa farar riga. Ya juya da dama, ya juya da hagu. Aka kira azahar, abu yana nan kamar kunu. Aka kira la'asar, kunu dai. Sai ya tsaya ya yi tunani irin na masana, ya ce ƙarfi ne bai ishe shi ba, ya juye duk sauran sodar da ke cikin leda. Da ya ga launin bai yi masa kama da na kanti ba, ya aika aka sayo shuɗiyar galura wurin masu rini, ya zuba ƙulli uku. Ya bi da kwalbar turaren Hajara. Da abin ya fara kauri ya rasa inda zai zuba, sai ya zaro durowa biyu daga kabad ɗinta, ya zazzage zannuwa a kan gado, ya kwarara.

Hajara dai ta yafa gyale ta zaga bayan gida kiran Gwaggo Hajo.

Tsohuwar ba ta samu zuwa ba sai da safiyar Alhamis. Ta tarar sabulu ya daskare, shuɗi shar, Malam Inuwa ya yanka shi sanda-sanda yana buga masa hatimi. Hatimin da kansa ya sassaƙa da reza a jikin tsohon silifa, ya rubuta INUWA. Abin da bai lura ba shi ne hatimi a juye yake fita. Kowace sanda ta fito da AWUNI.

Gwaggo ta ɗauki guda da bakin zane, ta shinshina, ta mayar. "Inuwa, ɗan nan, soda nawa ka zuba?"

"Gwaggo, wannan lissafi ne na boko, ba zai shiga ba."

"To bari in ba ka na jahilai. Ka ɗan taɓa shi da kan harshenka. In ya yi maka tsit kamar allura, bai nuna ba. Sabulun soda sai ya yi wata guda yana shan iska kafin ya taɓa jikin mutum. Naka kuwa, yadda nake ganinsa, ko shekara ya yi sai dai ya ƙara mugunta."

Malam Inuwa ya dubi matarsa, ya dubi tsohuwa. Don ya kashe magana, bai taɓa da kan harshe ba, sai ya lashe sandar tun daga A har zuwa I.

Idanunsa suka kawo ruwa. Kunnuwansa suka motsa. Ya tsaya ƙiƙam kamar mai jin taken ƙasa.

"Yaya?" in ji Gwaggo.

"Lafiya lau," in ji shi, sai dai abin da ya fito ya fi kama da "yafiya yau."

"Allah ya ƙara lafiya," in ji ta. Ta kama hanya tana cewa Hajara ta ajiye tsamiya a jiƙe, za a neme ta.

Da la'asar ya iso majalisa da farar riga da kwali a ka. Bai yi dogon jawabi ba, abin da ya ba kowa mamaki, sai nuni da hannu. Ya raba wa kowa sanda guda, ya ba Ɗahiru mai wanki guda biyar, ya aika wa Alhaji Jibril guda uku a naɗe cikin jarida.

Lawal ya juya tasa a hannu. "A wuni? A wuni ana me?"

"Thunan kamfani ne," in ji Malam Inuwa.

"Me ya sami harshenka?"

"Thayi mai thafi."

Gaskiya sabulun yana da kyan gani, ga ƙamshi, mu kuma mun gaji da wanka da ruwa zalla. Kowa ya soke nasa a aljihu. Yawancinmu muka ce sai ran suna ma fasa shi, mu fito fes.

Ran Asabar da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Jibril. Jama'a suka fara taruwa, har da baƙi daga Tukur-Tukur da Kufena. Ni dai tun da na fito daga wanka nake jin kamar an barbaɗa mini barkono a baya, amma na ce ko zufa ce. Na zauna na daure. Can na lura mutumin da ke kusa da ni yana goga bayansa a jikin bango a hankali, yana yi kamar gyara zama yake. Na gaba da shi ya zura hannu ta wuyan riga. Wani dattijo ya cire hula yana fifita ƙeya, ƙeyar kuwa shuɗiya. Na dubi hannuna, tsakanin yatsu shuɗi. Na dubi Lawal, kunnuwansa biyu kamar an tsoma a marina.

Kowa ya daure, yana tsammanin shi kaɗai ne. Baƙi suka yi ta kallonmu, unguwa guda ana ta mutsu-mutsu. Wani daga cikinsu ya raɗa wa ɗan'uwansa, har muka ji, "Ko ƙazuwa ta shigo musu ne?" Suka ja tabarmarsu gefe.

Lawal ne ya fasa. Ya miƙe yana yagar haƙarƙarinsa da hannu biyu ya ce, "Jama'a, na gane karatun! A wuni ana susa!"

Sai wuri ya ɓarke. Kowa ya saki jiki ya hau susa a fili, ana nuna wa juna wuya da damtse. Ana cikin haka Malam Inuwa ya ɓullo daga lungu, farar riga a goge, gemu a taje, harshe ya warke, yana murmushi irin na wanda ya zo karɓar godiya.

Kafin a kai gare shi Alhaji Jibril ya fito daga zaure. Babbar rigarsa ta farar shadda, wadda ya ɗinka musamman don wannan rana, ya ba Ɗahiru ya wanke jiya. Yanzu ta zama dabbare-dabbare, nan fari nan shuɗi. Ya sa ta a haka don babu lokacin sauyawa. Ya ɗaga hannu zai naɗe hannun riga a kafaɗa ya gai da jama'a, sai ji muka yi ɓaaar! Rigar ta rabe tun daga wuya har ƙasa, rabi ya zauna a kafaɗa, rabi ya sauka a tabarma.

A bayansa ga Ɗahiru, hannayensa biyu a naɗe da tsumma kamar ɗan dambe. "Alhaji, wallahi ba laifina ba ne. Kayan gida huɗu na wanke da shi. Wandon wani ma da na ɗaga daga ruwa, mazagi kawai ya biyo ni."

Alhaji ya dubi Malam Inuwa. "Kemis, wannan ne zan kai Funtuwa?"

Malam Inuwa ya gyara tsayuwa. "Alhaji, a yi mini adalci. Sabulu ba shi da laifi. Jikin mutanen nan ne ya saba da dauɗa, da ya gamu da tsabta ta gaskiya dole a samu riyakshin. Shaddar kuma, ka binciki wanda ya sayar maka."

"To kai me ya sa ba ka susa?" in ji Lawal.

"Fatata ta saba da kimiyya."

Daidai nan Gwaggo Hajo ta zo wucewa za ta shiga wurin mata, da ƙwarya a ka. Ta tsaya. "Wace kimiyya? Jiya da yamma ya aiko Hajara ta karɓar masa sabulun salo wurina. Har ya ce a zaɓo mai laushi."

Kowa ya juyo ya dubi Malam Inuwa. Hannuwa ma suka tsaya da susa.

"Don gwaji ne," in ji Malam Inuwa. "Ana kwatanta samfur da samfur."

"Madalla," in ji Alhaji Jibril, yana riƙe da rabin rigarsa. "An gwada wancan, saura wannan. A kawo ruwa."

Wanzamin da aka kira don askin jaririya yana zaune da tasarsa ta ruwa, ya turo ta gaba da sauri. Ɗahiru ya zaro ragowar sanda daga aljihu da bakin tsumma. Malam Inuwa ya waiga hagu, ya waiga dama, ko'ina shuɗɗan mutane sun kewaye shi. Ya naɗe hannun farar riga.

"Don ku san ban ji tsoro ba, ba hannu zan wanke ba. Gemu zan wanke."

Ba wanda ya nemi haka daga gare shi. Ya durƙusa, ya jiƙa gemu, ya goga sabulu har kumfa ya rufe masa baki. Da ya kamata ya ɗauraye nan take, sai ya miƙe da kumfar don ya yi bayani.

"Kun gani? Ku dubi kumfa. Na kanti ma bai yi wannan ba. Abin da ke faruwa yanzu shi ne, mai yana kama datti, soda kuma tana… tana…"

"Tana me?" in ji Lawal.

"Tana aikinta." Ya fara fifita haɓa da hannu. "Wannan ɗan ɗumi da ake ji alama ce ta… Alhaji, ruwan nan ba a ƙara ba?"

"Ƙarasa bayanin tukuna."

Bai ƙarasa ba. Ya yi wata ƙara da ta sa jaririyar da ke cikin gida ta amsa, ya kifa fuska cikin tasar wanzami. Ruwan bai isa ba. Ya tashi a guje ya tsoma kai cikin randar da aka ajiye don baƙi, har kafaɗa. Da ya ɗago ya sa hannu ya shafa haɓa, sai gemun ya biyo hannun. Gefen dama gaba ɗaya ya taho, shuɗi, a dunƙule. Gefen hagu ya tsaya, shi ma shuɗi, yana ɗiga.

Wanzami ya leƙo ya duba haɓar da idon sana'a. "Shekara ashirin ina aski, ban taɓa fitar da gefe ɗaya da sauri haka ba."

Dariyar da aka yi ran nan har mata suka leƙo ta zaure. Masu susa suna susa suna dariya, baƙi sun kwanta a tabarma. Gwaggo Hajo ce kaɗai ta ajiye ƙwarya, ta aika gidan Hajara aka kawo ruwan tsamiya, ta zaunar da shi a dakali ta wanke masa haɓa, ta shafe da man kaɗe, tana yi tana cewa, "Buɗe baki in ga ko ilimin bai ƙone ba." Sauranmu ma aka bi mu da man kaɗe, cokali-cokali. Alhaji ya shiga ya sako tsohuwar jamfa, aka raɗa wa yarinya suna Ummukulsum, aka yi addu'a, aka raba goro. Malam Inuwa yana gefe, an ɗaure masa haɓa da ƙyalle har saman kai, ba wanda ya miƙa masa ko ɓari.

Jama'a na watsewa sai wani baƙo, wanda tun ɗazu yake tsugune yana juya gemun da ya faɗi da tsinke, ya taso ya zo gabansa. Ya ce sunansa Zailani, majemi ne, sana'arsa ke nan tun kakanni.

"Malam, mu kwana da kwanaki muke jiƙa fatar akuya a toka kafin gashi ya saki. Naka ko minti biyar bai yi ba. Akwai saura?"

Malam Inuwa ya ɗago ido a hankali. "Durowa ɗaya da rabi."

"Ina so duka. In za ka ƙara yi ma, a daidai wannan haɗin, kada ka rage komai."

Muna kallo Malam Inuwa ya miƙe daga dakali. Ya kakkaɓe farar riga, ya gyara ƙyallen haɓa, ya juyo wurinmu yana magana ta gefen baki.

"Kun ji ko? Dama na majema ne. Tun farko don fatar dabba na haɗa shi. Ni dai na rasa a kan wa zan gwada, sai na duba unguwa na ga Allah ya hore."